NA'URAR GANE ƘARYA BA ZA TA RABA GARDAMAR MIJI DA MATA BA

A wannan mako filin namu zai duba wata al'ada da ta samu gindin zama a Amurka da Ingila, watau miji ko mata su biya wani kamfani kuɗi don a ɗaura wa abokin zama na'urar gane ƙarya, a tambaye shi ko yana cin amanar aure. Har gidajen talabijin sun mai da abin wasan kallo. Sai a zaunar da mutum gaban jama'a a karanta masa sakamako, daga nan kuma aure ya mutu ko ya rayu. Tun da yake irin waɗannan shirye-shirye suna iske mu har cikin ɗaki ta wayar hannu, ya kamata mu san iyakar abin da na'urar nan take iyawa.

Turawa suna kiranta foligiraf. Wani ɗan sanda mai suna John Larson ne ya haɗa ta a 1921 a garin Berkeley na Jihar Kalifoniya. Ana ɗaura wa mutum roba a ƙirji da ciki don auna numfashi, a sa masa abin awon jini a damtse irin na asibiti, a kuma maƙala masa wasu 'yan ƙarafa a yatsu don auna gumi. Sa'an nan mai gwajin ya shiga tambaya, amsa kuwa i ce ko a'a. Wasu tambayoyin na share fage ne, kamar ko kin taɓa yi wa wani ƙarya a rayuwarki. Wasu kuma su ne ainihin maganar, kamar ko kin keɓe da wani namiji. In jikinki ya fi motsawa a kan ainihin maganar, sai mai gwajin ya rubuta cewa kin yi ƙarya.

To, a nan ne gizo yake saƙa. Na'urar nan ba ta jin ƙarya, ba ta kuma ganinta. Faɗuwar gaba take aunawa, ita kuwa faɗuwar gaba dalilanta suna da yawa. Ki ɗauki mace mai kamun kai wadda ta shekara 10 a ɗakinta, yau ga wani baƙon namiji yana yi mata tambayar da ko uwarta ba ta taɓa yi mata ba, alhali ta san aurenta da 'ya'yanta suna rataye a kan amsar. Yaya gabanta ba zai faɗi ba? Kunya da fushi da tsoron kada a ƙi yarda da ita, duk alama ɗaya suke bari a takardar awon.

'Yan makarantar da suka karanta wasan Othello na Shakespeare sun san wannan. Da Desdemona ta ji an ce an kashe mutumin da ake zarginta da shi, sai ta fashe da kuka, don mai iya wanke ta ya tafi. Mijin ya ɗauka kukan masoyi take yi, ya kashe ta ba laifin tsaye ba na zaune. Shi ya sa wani masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Paul Ekman, ya raɗa wa irin wannan kuskure sunan Othello.

Su kansu masu na'urar ba su sakankance da ita ba. Tun 1923 wata kotu a Amurka ta ƙi karɓar irin wannan gwaji a matsayin shaida. A 1988 aka yi dokar da ta hana yawancin kamfanoni masu zaman kansu gwada ma'aikatansu da ita. A 1998 Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce bakin masana bai zo ɗaya ba a kan amincinta. A 2003 kuma majalisar masana kimiyya ta ƙasar ta fitar da rahoto cewa na'urar ta fi canki-canki, amma tana nesa ƙwarai da rashin kuskure. Kotunan Ingila ma ba sa karɓar sakamakonta a shari'ar laifi.

Har ila yau, maƙaryaci mai taurin zuciya yakan wuce ta lafiya lau. Aldrich Ames, ma'aikacin hukumar leƙen asiri ta Amurka, ya ci gwajin a 1986 da 1991 alhali yana sayar wa Rasha asirin ƙasarsa, ba a kama shi ba sai 1994. Gary Ridgway ya ci gwajin a 1984, amma a 2003 ya amsa da bakinsa cewa ya kashe mata 48.

Bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. Mu ƙaddara na'urar tana dacewa sau 90 cikin 100. In aka gwada mata 100 waɗanda ba su yi kome ba, 10 daga cikinsu za su koma gida da tambarin cin amana. Wa zai wanke su?

An ga ƙarshen wannan wasa a Ingila. Gidan talabijin na ITV yana da wani shiri na Jeremy Kyle wanda ya fara a 2005, ya kuma yi suna da irin wannan gwaji. A watan Mayu na 2019 wani dattijo mai shekara 63 ya je don ya nuna wa matar da zai aura cewa bai ci amanarta ba, aka ce ya faɗi gwajin. Bayan kamar mako guda aka iske ya kashe kansa. Nan da nan aka soke shirin. Binciken da aka kammala a 2024 bai ɗora wa shirin alhakin mutuwar ba, amma tun a 2019 masu shirin sun amsa gaban kwamitin majalisar dokoki cewa gwajin ba shi da tabbas ɗari bisa ɗari.

Abin da ya fi muni shi ne zargi ba ya jin magani irin wannan. In mace ta ci gwajin, mai zargi zai ce wayo ta yi wa na'ura. In ta faɗi, ya ce da ma ya faɗa. Ko ta ina ita ce da asara. Haka abin yake in mace ce take zargin miji. Waɗannan kuma da ake saukewa a waya, a ce ki ɗora yatsa a gane ko kina ƙarya, wasan yara ne kurum, kada wata ta bari a yi mata hukunci da su.

Mu tuna shari'ar Musulunci ba ta ɗauki wannan magana da wasa ba. Shaidu 4 ta nema, wanda kuwa ya yi ƙazafi ba shaida bulala 80 ne hukuncinsa, don mutuncin mace ba abin caca ba ne. In zargi ya shiga gida, a zauna a yi magana ido da ido. In ta ƙi ci, a kira waliyyai da manya masu riƙon asiri daga ɓangarorin biyu. Ku kuma 'yan mata, saurayin da tun yanzu yake neman ki rantse masa a kan kowane fita da shiga, ki yi tunani tun kafin a shafa fatiha.

Allah ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu, amin. Sai mako mai zuwa.