Ƙodar Gashuwa Ba Ta Jiran Kwamiti

A watan Janairun 1961 gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa daga Legas. Laifin ƙasarsa shi ne tayar da bam ɗin nukiliya har sau uku a 1960 a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, Saharar da iskar hunturu ke watso mana ƙurarta. Ba a tsaya ƙirga gawa ba, tsoron gubar kaɗai ya wadatar. Yau mutanen Reggane na kukan cutar daji, duniya ta toshe kunne.

Mu a arewacin Yobe gawar muke gani da idanunmu. Shekara da shekaru ciwon ƙoda na cin mutanen Gashuwa da Jakusko da Nguru. Magidanci mai ƙarfi, manomi ko masunci, sai ƙafa ta kumbura, fitsari ya ɗauke. A sayar da gona, a sayar da shanun huɗa, daga bisani a yi sallar jana'iza. Gobe a koma shan ruwan da marigayin ya sha.

Masu bincike sun daɗe suna zargin ƙarafa masu guba, irin su dalma, a ruwa da abincin wannan yanki na Kogin Yobe. Ai zargin kaɗai ya isa ya hana masu mulki barci! Gashuwa fa ba marainiya ba ce: ɗanta ya shugabanci Majalisar Dattawa daga 2019 zuwa 2023, tana da jami'ar tarayya, Nguru na da asibitin tarayya. Duk da haka batun sai ya taso a jarida kwana biyu, a yi jimami, a kafa kwamiti, siyasa ta zo ta binne shi.

Gwamnatin jihar na yin wankin ƙoda kyauta a Damaturu, ta kuma gayyato masana daga Ingila. Madalla. Amma wankin ƙoda na wanda cutar ta riga ta kayar ne. Yaron da ke ɗibar ruwa yau fa, wa ya tsaya masa?

A gwada kowace rijiya da kowace rijiyar burtsatse, a sanar da sakamakon a rediyo da Hausa da Badanci da Manganci, unguwa-unguwa. Wadda aka samu da guba a rufe ta, a kawo wata. Gwajin ƙoda kuma ya zama kyauta a kowane asibitin sha-ka-tafi, daga Nguru har Gashuwa, kafin a buga gangar wani zaɓe.