Jinin da ke fita a kan asuwaki alamar ciwo ne

A Kimba da ƙauyukan Jega, Aliero da Maiyama, idan haƙoran dattijo suka fara girgiza sai a ce tsufa ne. Sau da yawa ciwon dasashi ne da ya daɗe yana cin sa a ɓoye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2022 cewa sama da mutum biliyan ɗaya ne ke fama da matsanancin nau'in wannan ciwo.

Yakan soma ne da dattin da ke taruwa a gindin haƙori har ya ƙandare kamar dutse. Dasashi sai ya kumbura, ya riƙa zubar da jini in an yi asuwaki. A wannan mataki ana warkewa sarai. In aka bar shi, ƙwayoyin cuta kan gangara ƙasa su cinye ƙashin da ke riƙe da haƙori, sai ga warin baki da mugunya. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa, kuma abin takaicin shi ne ciwon bai cika zafi ba sai ya yi nisa. Masu ciwon suga da mashaya taba sun fi shiga haɗari.

Kanumfari da ƙwayoyin kemis suna lafar da zogi ne kawai. Ainihin maganin shi ne ma'aikacin haƙori ya kankare dattin har ƙarƙashin dasashi, a ƙara da maganin kashe ƙwayoyin cuta ko tiyata idan ta kama. Cire haƙori matakin ƙarshe ne.

Ga yara lamarin ya fi tsanani. Cutar noma, mai zaizaye fuska, daga gyambon dasashi take farawa, galibi a jikin yaro mai tamowa ɗan shekara 2 zuwa 6. Asibitin Noma na Sakkwato na karɓar irin waɗannan yara tun 1999, amma in an gano ta da wuri, magani da tsaftar baki da abinci mai gina jiki kan tare ta.

Don haka ya kamata gwamnatin Kebbi ta tabbatar akwai ma'aikacin haƙori da kayan aikinsa a manyan asibitocin Jega, Aliero da Maiyama, domin kada kuɗin motar zuwa Birnin Kebbi ya hana talaka magani. A kuma horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa duba bakin duk yaron da aka kawo rigakafi, da na duk mai ciwon suga da ya zo awo.