Keken da aka sauke daga kan mota: wa zai biya?

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, keke ya dawo da martabarsa a cikin birnin Kano. Duk wanda ya bi ta Gwammaja ko Ƙofar Mazugal da sassafe zai ga malaman makaranta da teloli da masu sayar da kayan gini na Ƙofar Ruwa sun koma tuƙa keken da suka jingine shekara da shekaru. Da abu ya yi daraja kuwa, idon ɓarawo na kansa. Wannan ne ya sa a wannan mako nake son mu duba wata tambaya da ba a cika yi ba sai bayan an yi asara: idan aka ɗaure keke a kan kariyar mota, aka tsaya salla ko cin abinci, aka dawo aka tarar da igiya a yanke, wa ke da alhakin biya?

Mutane da yawa suna zaton takardar inshorar da ke aljihun motarsu za ta share musu hawaye. Ba haka abin yake ba. Inshorar da doka ta tilasta wa kowane mai mota ita ce ta ɓangare na uku, wadda Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 ga motar gida daga 1 ga Janairu, 2023, tare da diyyar da ta kai naira miliyan 3 a kan ɓarnar dukiya. Amma dukiyar da ake nufi ita ce ta wani da motarka ta yi wa ɓarna, kamar shagon da ka rushe ko motar da ka buga. Kayanka da ke kan rufin motarka ba sa ciki. Ko cikakkiyar inshora ma, a galibi, jikin motar take karewa da abin da aka rubuta a takardar yarjejeniya. Keken da aka ɗora, kaya ne, ba sassan mota ba.

Idan kuwa motar haya ce, a tasha aka ɗora keken aka biya kuɗin kaya, maganar ta koma kan amana. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wanda aka ɗauka haya ya kai kaya amintacce ne, ba a ɗora masa biya sai an tabbatar da sakaci ko ƙetare iyaka. Nan ne rigima ke tashi. Direba zai ce ya ɗaure da kyau, mai keke zai ce an bar mota ba mai tsaro, shugabannin tasha su shiga tsakani, a ƙarshe a ce a yi haƙuri. Haƙuri ibada ne, amma ba ya kai magidanci wurin neman abinci washegari.

Na san dalilin da ya sa jama'armu ke gudun inshora: malamai sun daɗe suna nuna illar riba da rashin tabbas da ke cikinta. Sai dai mafita ta samu tun da daɗewa. An kafa kamfanin takafuli na farko a Sudan a 1979. A nan gida, NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takafuli a 2013, kuma a 2016 aka ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi. Tsarin bai yi nisa da adashen da iyayenmu mata suka saba ba: kowa ya zuba gudummawa a asusu ɗaya, wanda asara ta faɗa wa a biya shi, abin da ya yi saura a raba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da nake kira a kai shi ne kamfanonin nan su sauko daga manyan ofisoshi su shigo lungunan Dala, su yi magana da masu gyaran keke da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, su tsara ƙaramin tsari da talaka zai iya biya, a rubuta sharuɗɗansa da Hausa. A fayyace ƙarara ko biyan ya haɗa da satar da aka yi a kan mota, da irin makullin da ake buƙata.

Kafin nan, mai keke yana da nasa aikin. Ya adana rasit, ya rubuta lambar da aka buga a jikin ƙarfen keken, ya ɗauki hotonsa da waya. Idan zai ɗora a mota, ya sa sarƙa da kwaɗo, kada ya dogara da igiyar roba. A tasha ya nemi a rubuta masa shaidar karɓar kaya. In an yi satar, ya kai rahoto ofishin 'yan sanda a ranar, domin da wuya kamfani ya saurare shi ba tare da wannan takarda ba.

Masu sayen keken hannu a farashin banza ba tare da tambayar rasit ba kuwa, su ji tsoron Allah. Su ne kasuwar ɓarawo, kuma da ba su saya ba da bai yanke igiyar ba.