A Riƙa Auna Kan Jariri, Ba Nauyi Kaɗai Ba

'Yan'uwa, a gidajen ma'aikatan Sharaɗa, Chalawa da Bompai, sau da yawa uwa takan kai jariri awo, a ɗora shi kan sikeli, a yi masa rigakafi, ta koma bakin aiki a gaggauce. Ba ta tambaya ko an auna kansa ba. Mu a ganinmu wannan ragowa ce babba, domin girman kai yana nuna yadda ƙwaƙwalwa ke girma.

Jaririn da ya cika wata tara ana haihuwarsa da kewayen kai kimanin santimita 33 zuwa 36. A wata uku na farko kan yana ƙaruwa da kusan santimita 2 kowane wata, daga wata 3 zuwa 6 kusan santimita 1, daga nan kuma rabin santimita. Idan ya shekara, ya kai wajen santimita 46. Awo ɗaya ba ya yanke hukunci, gama akwai iyalan da babban kai gado ne gare su. Abin dubawa shi ne jerin awon da aka rubuta a katin yaro, a gwada shi da ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007.

Madiga kuma takan rufe tsakanin shekara ɗaya da shekara ɗaya da rabi. Motsinta ba ciwo ba ne, kada a shafa mata komai. Kan da ya yi tsini wajen haihuwa yakan daidaita da kansa cikin 'yan kwanaki, ba sai an danna shi da tsumma mai zafi ba. Amma idan madiga ta faɗa bayan zawo, ruwan jiki ya ragu ne: a ci gaba da ba shi nono, a kai shi asibiti. Idan ta kumbura da zazzaɓi, a tuna da sanƙarau, wanda ya yi wa Kano ɓarna a 1996. Idan kai na girma da sauri fiye da ƙima, wataƙila ruwa ne ke taruwa a ciki, kuma likitoci suna iya aikinsa in an zo da wuri. Asibitin Yara na Hasiya Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna nan cikin gari.

Dokar Ƙwadago ta ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a rana. Muna roƙon masu masana'antu su ƙara da izinin ranakun awo, wato mako na 6, 10, 14 da wata na 9, ba tare da yanke albashi ba. Magidanta, ku riƙa duba katin da kanku. Matan zumunta kuma, idan kun je barka, ku tambayi mai jego: "An auna kansa kuwa?"