Karatun Farmasi: Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A duk shekara, da zarar sakamakon jarrabawar bak ya fito a watan Yuli, sai ka ga iyaye a Zangon Faraku da na Jugu suna ta faɗi-tashi, suna tambayar yadda za a yi ɗansu ko 'yarsu ta sami gurbin karatun harhaɗa magunguna, wato farmasi. Wasu sukan zo da kuɗi a hannu, wasu kuma su shiga neman wani babba da zai sa baki. Abin takaici shi ne, da yawa daga cikin yaran nan ƙofar ta riga ta rufe musu tun shekaru huɗu ko biyar da suka wuce, ba tare da iyayen sun sani ba. Wannan ne ya sa muka ga ya wajaba mu yi wa 'yan kasuwarmu bayanin sharuɗɗan dalla-dalla, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Da farko dai, ya kamata kowa ya san cewa zamanin baje magani a tire ko a rumfa ya wuce a Jamhuriyar Benin. Tun a watan Oktoban 2009 tsohon shugaban Faransa Jacques Chirac ya zo Kwatano ya yi kira ga duniya da ta yaƙi jabun magunguna. A watan Fabrairun 2017 kuwa jami'an tsaro suka dira a Adjegounle da ke cikin kasuwar Dantokpa, suka kwashe sama da tan 80 na magunguna, suka kama mutane da dama. A 2018 har manyan dillalan magani sai da suka gurfana gaban kotu. Ba don ƙiyayya da 'yan kasuwa aka yi haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2017 cewa a ƙasashe masu tasowa, ɗaya daga cikin kowane magani goma jabu ne ko kuwa maras inganci. A yau, hanyar da ta rage wa gidan da ke son cin abinci da sana'ar magani ba tare da fargaba ba ita ce ya samar da ɗa mai digirin farmasi.

To ina ake wannan karatu? Jami'ar Faraku, wadda aka kafa a 2001, tana horar da likitoci, amma mai son farmasi sai ya nufi Kwatano, a tsangayar kimiyyar lafiya da ake kira FSS, ƙarƙashin Jami'ar Abomey-Calavi. Shekara shida ake yi, a ƙarshe ɗalibi ya kare kundin bincikensa kafin a ba shi digirin dakta a fannin farmasi. Bayan nan sai ya yi rajista da ƙungiyar masu harhaɗa magunguna ta ƙasa, sa'annan ya nemi izinin hukuma idan yana son buɗe kanti nasa na kansa.

Sharaɗi na farko shi ne bak na kimiyya, wato jerin C ko D. Wanda ya ci bak A ko B ko G, komai kyawun makinsa, ba shi da hanya. Na biyu, cin jarrabawar kaɗai bai wadatar ba, domin jera ɗalibai ake yi daga na sama zuwa na ƙasa bisa makin da suka samu a darussa uku: lissafi, da fizik da shimi waɗanda ake haɗawa a kira PCT, da kimiyyar halittu da ake kira SVT. Gurabun ba su da yawa, masu nema kuma daga ko'ina a ƙasar suke, saboda haka yaron da ya tsallake da ƙyar ba zai kai ba. Na uku, ta intanet ake zaɓen fanni, a dandalin apresmonbac na ma'aikatar ilimi mai zurfi, cikin 'yan kwanakin da aka ƙayyade. Waɗanda suka fi maki su ne ke samun tallafin gwamnati, na bayansu kuma su biya daga aljihunsu. Ma'aikatar tana fitar da littafin jagora a kowace shekara mai ɗauke da yawan gurabu da sharuɗɗa, kuma ya kamata kowane uba ya sa a karanta masa shi.

Sai dai inda gizo ke saƙar shi ne ajin katiriyam, wato shekara ta uku a koleji, lokacin da yaro bai wuce shekara 13 ko 14 ba. A nan ne hanya ke rabuwa biyu: akwai ɓangaren MC mai ci gaba da fizik da shimi, akwai kuma ɓangaren ML mai ɗaukar ƙarin harshe kamar Sifaniyanci ko Jamusanci. Yawancin yara abokansu suke bi, ko su guje wa darasin da suke ganin ya yi wuya, uba kuwa yana Malanbil ko Cikanda wajen sarin kaya, bai ma san an yi zaɓi ba. Yaron da ya bar kimiyya a wannan aji, da wuya ya shiga jerin C ko D bayan ya ci BEPC. Haka nan yaron da ake cirewa daga aji duk ranar kasuwa domin ya tsare shago, ko a tafi da shi fatauci a tsakiyar zangon karatu, ba zai iya gogayya da takwaransa na Kwatano ko Porto-Novo da bai taɓa fashin darasin lissafi ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani abin da ke kayar da yaranmu shi ne takardu. Sau da yawa sunan da ke takardar haihuwa daban, na takardar makaranta daban: nan Mahamadou, can Mohamed, ko kuwa shekarar haihuwa ta saɓa. Gyaran irin wannan yakan ɗauki lokaci, saboda haka tun yaro yana koleji ya kamata a je ofishin ANIP ko na magajin gari a tabbatar komai ya daidaita.

Ga iyalan da 'ya'yansu ke karatu a Nijeriya, sharuɗɗan can daban ne. Ana bukatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, a Turanci da lissafi da fizik da shimi da kimiyyar halittu, sa'annan a ci jarrabawar JAMB da maki mai yawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Bayero a Kano, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato duk suna koyar da farmasi. Amma wanda ya yi karatu a can, sai hukuma ta tantance takardarsa kafin ya yi aiki da ita a nan. Muna kuma gargaɗin iyaye da su guji 'yan kamasho masu alkawarin digiri cikin sauƙi. A watan Janairun 2024 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya sayi digiri a Kwatano cikin makonni shida. Araha ba ta ado.

Mun san abin da wasu za su ce: shekara bakwai na sakandare da shida na jami'a sun yi yawa, alhali yaron da ya shiga kasuwar Arzeke yana ɗan shekara 15 zai iya yin aure da gina gida kafin wancan ya gama. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, kuma ba muna cewa kowane yaro sai ya zama dakta ba ne. Amma gidan da ke da 'ya'ya takwas ko goma ba zai rasa ɗaya ko biyu masu kaifin lissafi da za a sakar wa mara ba, mace ce ko namiji. Kuma amfanin ba na gidan kaɗai ba ne. Tsohuwar da ba ta jin Faransanci tana bukatar wanda zai gaya mata da Hausa ko Dendi yadda za ta sha maganin hawan jini, ba wanda zai miƙo mata kwali kawai ba.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Zango da limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Faraku da Jugu da su kafa asusu domin biyan malaman ƙarin darasi a fannin kimiyya, da kuma taimaka wa duk yaron da ya sami gurbi a Kwatano da kuɗin haya da na abinci, tunda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna kuma roƙon gwamnati da ta duba yiwuwar buɗe sashen farmasi a Jami'ar Faraku, domin sauƙaƙa wa 'ya'yan arewacin ƙasar. Iyaye kuwa, kafin a koma makaranta a watan Satumba, kowa ya je ya ga shugaban kolejin ɗansa, ya tambayi ɓangaren da aka sa shi da makin da yake samu a lissafi.

Kakanninmu da ƙafa suka ratso Nikki da Jugu zuwa Gwanja neman goro, ba su ce hanya ta yi nisa ba. Allah Ya ba mu irin haƙurinsu wajen ilimin 'ya'yanmu, amin.