Fitilun da ke Bayan Mil 200

A makon nan na sake cin karo da maganar da ke tayar min da hankali: wai mai son cin naman teku ba tare da ya yi ɓarna ba, ya ci sukwid, don shi ba ya ƙarewa. Hujjar masu faɗin haka ita ce binciken 2016 da ya nuna shi da danginsa sun ƙaru tun shekarun 1950. To, sai me?

Sukwid halitta ce ta ban mamaki, Allah mai iko. Zuciya uku gare shi, jininsa shuɗi ne saboda sinadarin tagulla, hannaye takwas da wasu dogaye biyu na cafke abinci. Amma yawancin waɗanda ake kamawa shekara guda suke yi a duniya. Ya girma, ya hayayyafa, ya mutu. 'Yan talla wannan suke ɗaga wa tuta, ni kuwa nan tsorona yake. Kifi mai tsawon rai yana da iyaye da kakanni a ruwa, in bana ta ɓaci su sake haihuwa baɗi. Sukwid ba shi da wannan ajiya. Na bana su kaɗai ne za su haifi na baɗi, don haka duk wanda ya kwashe su kafin su zuba ƙwai, irin shuka ya daka ya yi tuwo.

A tambayi Japan. A 1968 sun kama fiye da tan 600,000 na nau'in da suka fi ci. Yanzu ko kashi ɗaya cikin goma ba sa samu, har garin Hakodate da ke tinƙaho da shi ya ji a jikinsa. Sauyin ɗumin ruwa na da nasa laifin, ban musa ba.

Amma ɗumin ruwa ne ke kunna fitilu a bayan iyakar Ajantina? Ɗaruruwan jirage, akasarinsu na Sin, suna jibge daf da mil 200 daga gaɓar teku, inda ikon ƙasar ya ƙare, suna haske ruwa da dare don janyo sukwid, hasken da har tauraron ɗan'adam ke ɗauka. Babu hukumar da ke ƙayyade musu adadi a wurin. A 2016 sai da Ajantina ta nutsar da guda da ya ƙetaro mata iyaka. Ga ra'ayina kan aikin irin jiragen nan. Sata ce da ta sami inda doka ba ta kai ba, kuma mai sayarwar da ya kasa faɗin inda aka kamo kayansa, abokin ɓarawo ne.