Zinaren Da Ke Kwance Cikin Tsohuwar Wayarka

Wayar nan da gilashinta ya fashe ka jefa a durowa, akwai zinare a cikinta. Kaɗan ne, kusan giram 0.03, an shafe ƙananan mahaɗan lantarki da shi saboda ba ya tsatsa.

Kafin ka raina shi, duba yadda ya samu. A can ƙarƙashin ƙasa, ruwa mai tsananin zafi kan narkar da zinare daga cikin duwatsu, ya biyo tsagogin da motsin ƙasa ya buɗe. Yana haurowa zafi da matsi na raguwa, har zinaren ya daskare cikin jijiyoyin farin dutse. Haka na Obuasi a Gana ya samu, shekaru kusan biliyan 2 da suka wuce. Na Witwatersrand a Afirka ta Kudu ya girme shi: koguna ne suka tara shi cikin tsakuwa tun kusan shekaru biliyan 3.

Haƙo shi kuma ba wasa ba ne. A Zamfara, dutsen zinaren na haɗe da dalma, kuma a 2010 ƙurar da ake daka shi a gidaje ta kashe yara kusan 400.

Shi ya sa nake ganin gangancin mai sauya waya duk shekara don kawai kyamara ta ƙaru. Idan batir ne ya mutu, sauya batir. Idan ta ƙi gyaruwa sam, kai wa mai gyara ya cire kayan da ke da amfani, kada ta ƙare a bola ana ƙona ta.